Randar Gindin Tsamiya

Sabuwar randa tana da wani ƙamshi da ba ta yin sa sai sau ɗaya, ranar da aka fara zuba mata ruwa. Za ka ji tana wata 'yar tsuwa a hankali, yumɓun yana zuƙe ruwan, sai ƙamshin ya taso, irin na ƙasa in ruwan farko ya sauka bayan doguwar bazara. Makon jiya na sake jin sa, don wani mai adaidaita sahu ya yi baya ya fasa mini wadda ke ƙofar gida, dole na aika kasuwa aka sayo wata. Maƙwabciyata ta leƙo ta same ni durƙushe da bokiti a hannu, na daɗe ban motsa ba. Ta ce, "Hajiya, ga firji a ɗaki, ga ruwan leda a kowane shago, wannan wahalar ta mece ce?" Na ce mata tsufa ne. Ba tsufa ba ne, labarin ne ya fi ƙarfin tsayuwar ƙofar gida. Kai da ka samu wuri ka zauna, bari in ba ka.

Ban san fuskar mahaifiyata ba. Ta rasu wajen haihuwar ƙanena, ba a daɗe da yaye ni ba, shi ma jaririn bai zauna ba. Ba ta bar hoto ba, wa ke ɗaukar hoton matar ƙauye a lokacin? Aka mai da ni hannun kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye arewa da birni, inda gona ke manne da gona, in maƙwabcinka ya yi tari a tasa ka ce masa sannu daga taka. Gidan magina tukwane ne. Kaka tana gini, mahaifiyata ta gada, kuma duk wanda ya san su ya ce hannun 'yar ya wuce na uwar.

Kaka dai ba ta taɓa faɗin haka ba, domin mahaifiyata 'yar farinta ce. Tun tana raye ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ba ta kallonta ido cikin ido a gaban mutane. An ce ranar da aka zo mata da labarin rasuwar tana tankaɗe. Ta yi salati, ta ci gaba da tankaɗenta, mata suka yi ta yaba kawaicinta. Sai da aka share makoki ta shiga ɗakin marigayiyar ta ɗauko randar da ta gina ta ƙarshe, wadda ko ruwa ba a taɓa zuba mata ba. Ta hana kowa kama mata. Ta kai ta gindin wata tsamiya da ke bakin hanya, ta haƙa rami, ta zuba yashi, ta girke ta, ta rufe da faifai, ta ɗaure moɗa da igiya a wuyanta. Daga ranar nan mahaifiyata ta samu sunan da Kaka za ta iya faɗa. Ta koma "mai randa".

Randar ja ce, an goge ta da 'ya'yan kuka har tana sheƙi, da baƙin tabo a gefe guda inda wuta ta lashe ta, kamar tawadar Allah a kumatu. A kafaɗarta an mirgina totuwar masara zagaye, ƙasa da wannan kuma wani zane na tsinke mai kama da sawun tsuntsu a kan yashi. Hanyar ba ta rabuwa da mutane. Manoma da jakunansu ɗauke da gero da dawa da wake, sun nufi wajen Dawanau, matan Fulani da ƙoren nono, masu tallan koli, masu dawowa daga jana'iza. Kowa ya iso sai ya ratse, ya ɗaga faifan, ya sha.

Da na isa ɗaukar ƙaramin tulu sai aikin ya dawo kaina. Kullum da sassafe in juye kwantai a gindin tsamiyar, in ɗauraye cikin, in cika, in jefa saiwar jema don ƙamshi, in jiƙa yashin da ke ƙarƙashi. Da bazara kuwa sai na koma bayan azahar, don kafin rana ta karkata an kai ta ƙasa. Rijiyarmu mai zurfi ce, igiyar guga ta ci mini tafin hannu. Ni kuma tun ina yarinya ba na haɗiye magana. Wata rana na dire tulun a tsakar gida na ce ni na gaji da yi wa mutanen da ban sani ba bauta, su sha su wuce ko sannu babu.

Kaka tana cuɗa yumɓu, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke uwar ƙiwuya, wa ya ce miki don su kike ja? Duk wanda ya sha ya ce alhamdulillahi, sanyin nan yana sauka har inda mai randa take kwance."

Ladan sadaka take nufi, na sani yanzu. Amma yaro yadda aka faɗa masa haka yake ɗauka. Ni a raina uwata tana can ƙarƙashin ƙasa mai zafi, bakinta a bushe, ba ta da wata hanyar ruwa sai wannan randa, kuma ni ce a kan igiyar. Tun daga ranar ba a sake tashina ba. In na ga ruwan ya yi ƙasa sai gabana ya faɗi. Daga cikin gida ana jin ƙarar moɗar in ta bugi bakin randar, ƙwal, sai in ga hannun Kaka ya tsaya a kan abin da take yi, leɓɓanta su motsa kaɗan, sannan ta ci gaba. Kukan da ba ta yi a gaban mata ba, ina jin a nan take yin sa, kaɗan-kaɗan, da kowane mai wucewa.

Sai Kawu. Shi ne autan Kaka, mahaifiyata ce ta goye shi, kuma shi kaɗai ya yi boko mai zurfi a gidan. Mutanen ƙauye sun zaci likita za a samu ko alƙali. Da ya dawo daga jami'a da na'urar ɗaukar hoto a wuya da igiyar awo a aljihu, yana bin tsofaffi yana tambayar wa ya zana wannan ƙwarya, wa ya koya miki wannan saƙa, me ake kiran wannan shafen bango, sai aka yi ta dariya. Aka ce an tura shi neman ilimi ya dawo yana auna tukwane. Kaka ma "sarkin tsince-tsince" take ce masa. Ni kuwa ina son sa kamar me, don shi kaɗai ke ba ni labarin uwata ba tare da rage murya ba. Yaya yake ce mata. A bakinsa na ji tana da wushirya, bahaguwa ce, kuma in tana gini ba ta son a yi mata magana.

Wata bazara jakin wani bafatake ya tsorata ya yi harbi, ya sami randar. Ba ta fashe ba, amma ta tsage daga baki zuwa kafaɗa. Kaka ta liƙe tsagar da danƙo, muka daina cika ta har wuya. Kwana kaɗan Kawu ya zo. Ya daɗe tsugune a gabanta yana bin tsagar da yatsa, sannan ya shigo gida ya zauna a bakin tabarmar Kaka.

Ya ce, "Inna, na bi gidajen da Yaya ta yi wa gini, ƙauye-ƙauye. Ba abin da ya rage sai tsingaro. Wannan ce kaɗai. In wani jakin ya ƙara, shi ke nan, kamar ba a taɓa yin ta a duniya ba."

Kaka ta ce, "In ta fashe, a bakin aikinta ta fashe. Mai ita ma a bakin aikinta ta tafi."

"Ki bar ni in kai ta inda ake adana irin waɗannan. Za ta daɗe, jikokin jikokinki su gani."

"Su gani su sha me? Kallo yana kashe ƙishirwa ne?"

Ya ce zai kawo abin da ya fi ta cin ruwa, ba wanda zai wuce da ƙishi. Ya yi magiya har muryarsa tana rawa, ban taɓa ganin sa haka ba. Kaka ta gaji, ta kakkaɓe zaninta ta miƙe. Ta ce, "In na mutu ka yi abin da ka ga dama. Ina da rai, tana nan." Duk wanda ya san tsohuwar ya san wannan ba izini ba ne, rufe baki ne. Kawu ya ɗauke shi izini, ya ajiye a ransa.

Da damina Kaka ta rasu, gero ya fara fitar da kai. Da hantsi ne, an ɗauke ruwa, tsakar gida duk warin ɗanyen ganye. Ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Kin zuba?" Na ce na zuba. Can sai ta kira wani suna, sau ɗaya, a fili, yadda ake kiran yarinyar da ke bayan ɗaki. Na waiga ina neman mai sunan. Matar babban kawuna ce ta fashe da kuka, a nan na gane sunan yankan uwata ne. Ban taɓa jin sa a bakin kowa ba, kuma Kaka ba ta ƙara magana ba.

Bayan an watse zaman makoki Kawu ya zo da mota. Ya sauke wani shuɗin duron roba, ƙato, da kofin roba. Da hannunsa ya kwashe ruwan randar ya zuba wa tsamiya, ya naɗe ta da bargo, ya ɗora a kan katifa. Yayyensa ba su hana shi ba, shi ne mai ilimi. Ni ce na yi magana, da haƙori. Na kama hannunsa na gantsara masa cizo har na ji gishirin jini, ina ihu za ka kashe ta da ƙishirwa, za ka kashe ta. Bai dake ni ba, bai ma fizge hannun ba. Tabon yana nan a gindin babban yatsansa har ya koma ga Allah.

Duron ya fi randar cin ruwa, gaskiya ne, ba kuma jakin da zai fasa shi. Amma kafin hantsi ya ɗaga ruwan ya zama na wanka, ga warin roba. Mutum zai kurɓa ya furzar ya wuce, alhamdulillahin da nake jira ba ta fitowa. Kofin roba kuma ba ya ƙara. Gurbin randar ya daɗe a cikin yashin, zagayayye, da danshinsa. Da tsakar rana, hanya ba kowa, sai in ji ƙwal daga gindin tsamiya. In fito da gudu, ba mutum, ba moɗa. An ce iskokin tsamiya ne, aka yi mini rubutu na sha. Ni dai na san ba iska ba ce, wadda ke kwance ce take tambaya.

Kawu ne ya ɗauke ni zuwa birni ya sa ni makaranta. A gidansa na girma, a gidansa aka yi mini aure. Na daɗe ba na gaishe shi sai an tsawata mini. A gabana ya yi suna. Ya tafi ƙasar waje ya ƙaro karatu, ya dawo ya koyar, ya rubuta littattafai a kan zanen matan karkara, waɗanda a da ba wanda ya ɗauke su masu fasaha. Daga baya aka ba shi shugabancin gidan adana kayan tarihin da ya kai randar. Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa. Dillalan da ke kwashe kayan kakanni suna fita da su ƙetare sun sha wuya a hannunsa. Shi ya kafa doka cewa abin da ya shiga gidan ya zama na al'umma, ba mai taɓawa, ba mai fita da shi, ko ɗan wane ne. Mutane suna yabonsa, ni ma ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa taka ƙofar gidan nan ba, shi kuma bai taɓa ce mini in zo ba. Maganar randa ta zauna tsakaninmu kamar ƙaya a cikin tuwo, kowa yana ci yana kewaye ta.

Sai ranar da zai ajiye aiki ya aiko a kira ni. Lokacin ni ma na aurar da 'ya. An gama taron ban kwana, baƙi sun watse, ya ja ni wani ɗaki mai sanyi. Randar tana tsakiya, a cikin akwatin gilashi, da fitila a kanta. Ga tabon wutar, ga sawun tsuntsun, ga tsagar. A jikin gilashin an rubuta sunan uwata ɓaro-ɓaro, sunan da Kaka ta riƙe a bakinta har ranar mutuwa. Ta yi mini ƙanƙanta, ta kuma yi fari-fari, irin na ƙafar da ba ta ga mai ba.

Kawu ya sa mabuɗi ya buɗe gilashin. Ya ce, "Yau zan karya dokata. Sa hannunki ciki, na hagu, ƙarƙashin wuyan."

Na sa. Shekarun da na yi ina wanke cikin randar nan da hannun dama nake yi, a gurguje, ban taɓa lura ba. Akwai 'yan ramuka a jere, inda maginiyar ta tallafe yumɓun daga ciki tana shafar waje. Yatsuna suka faɗa cikinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar an auna. Wallahi ji na yi an riƙe mini hannu. Na tsaya a nan, mace da furfura, ina kuka kamar ranar da aka yaye ni. Da ya bar ta a gindin tsamiya, da tuni ta zama tsingaro, da ban taɓa taɓa uwata ba. Na san haka a lokacin, kuma na faɗa masa.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Na tambayi malamai, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sun ce ilimin da ake ɗauka a kanta ma sadaka ce mai gudana. Na ji, na kuma gode. Amma na zauna a ɗakin nan ina kallon 'yan makaranta suna shiga suna fita, ban taɓa jin wanda ya fito ya ce alhamdulillahi ba."

Na ce to mu mai da ita mana. Ya ce ba tasa ba ce yanzu, ba kuma tawa ba, shi da kansa ya rufe wannan ƙofar. Ko da an ba mu ma, ta daɗe a bushe, ranar da ta ji ruwa tsagar za ta buɗe har gindi. Ya mai da gilashin ya kulle.

Ya gina gida a wajen Ungogo, kusa da inda ƙauyenmu yake a da. Na ce a da, don birni ya cinye shi. Gonakin sun zama filoti, an sare tsamiyar, inda take yanzu shagon cajin waya ne. Da matarsa ta rasu, tsufa ya fara taɓa masa tunani, sai na dawo da shi gidana, unguwa ɗaya muke. Mutumin da ya san sunan kowane zane daga nan har bakin daji ya koma ba ya gane jikokinsa. Littattafansa ma in an nuna masa sai ya ce na wane ne. Abu ɗaya ne bai bar shi ba. Kullum da safe in na kai masa koko sai ya kama zanina, ya dube ni kamar 'yar yarinyar nan mai ƙaramin tulu, ya ce, "Kin zuba wa Yaya ruwa?"

Ranar farko na lallaɓa shi ya sha kokonsa. Rana ta biyu na aika aka sayo randa, na sa aka zubo yashi a ƙofar gida gindin darbejiya, na nemo faifai da moɗar duma, da ƙyar aka samo. Na cika, na jefa jema. Da ya tambaya na ce na zuba, kuma ba ƙarya na yi ba. Ya sa aka fitar masa da kujera zaure, ya zauna yana jira.

Ba wanda ya sha. Mutanen yanzu tsoron ruwan da ba a rufe a leda ba suke yi, ban kuma ga laifinsu ba. Su wuce a adaidaita, su wuce a ƙafa, wani ya kalli randar ya yi murmushi. Kawu yana zaune, ido a kan faifan, tun safe har la'asar. In na ce ya shigo ya huta sai ya ce tukuna, ba ta sha ba. Haka muka yi ta yi har na fara tunanin in biya wani ya zo ya sha, sai na ji kunyar Allah.

Wata ranar bazara, rana tana tsakiyar ka, wasu leburori da ke haƙa harsashin gini a bayanmu suka fito, jikinsu duk jar ƙasa. Babbansu, wani dattijo, ya hango randar ya tsaya. Ya ɗaga faifan, ya leƙa, ya shanshana. Ya tsuguna ya ɗebo, moɗar ta bugi bakin randar, ƙwal. Ina tsakar gida na ji, hannuna ya tsaya a kan tsintsiya. Ya shanye, ya ƙara, ya goge gemunsa ya ce, "Alhamdulillahi. Allah ya kai ladan inda aka nufa."

Na leƙo zaure. Kawu ya jingina kansa da bango, idonsa a rufe, hawaye yana bin gefen hancinsa. Ya ce, "Inna, ta sha." Daga ranar bai ƙara tambayata ba, kuma bai ga damina ta gaba ba.

Yanzu nakan je gidan tarihin lokaci-lokaci. Sababbin ma'aikata ba su san ni ba, ina sayen tikiti kamar kowa. Suna riƙe da dokarsa gam, ba mai taɓawa, kuma haka ya kamata. Nakan ji malamai suna karanta wa yara sunan uwata, yaran suna maimaitawa da ƙarfi, sai in rasa ko daɗi nake ji ko ciwo. Har yau ban iya yanke wa Kaka da Kawu hukunci ba, kowannensu son ta ne ya yi masa yawa. Ta ƙofar gida kuwa kullum ina cika ta. Wata rana a samu mai turin baro ko mai tallan rake ya sha, wata rana in juye wa darbejiya ruwan kamar yadda na zuba. In zan zuba, niyyar mutum uku nake yi yanzu. Amma waccan ta cikin gilashi, duk ranar da na tsaya a gabanta, ko yanzu na sha ruwa, maƙogwarona bushewa yake yi.